Ɗakin "Kar A Taɓa" A Kwamfutar Malama Barira

Wata rana wata malamar sakandare a Funtuwa ta sayi kwamfuta ta hannu, irin wadda aka yi amfani da ita a waje aka kawo.

Bari mu kira ta Malama Barira. Ba shi ne sunanta ba, amma in tana karanta wannan ta san da ita nake.

Lokacin ta fara digiri na biyu a wata jami'a. Bincikenta a kan tsutsar da ke cin auduga ne. Makarantar ta buɗe wa kowane ɗalibi adireshin imel, aka ce ta nan kawai malamai za su riƙa turo gyara.

Akwatin kuwa ɗan mitsitsi ne. Saƙo in ya yi sati biyu a cikinsa, sharewa yake da kansa. Wanda ke son ajiye saƙonninsa sai ya sa manhajar da za ta riƙa kwaso su tana adana masa a cikin kwamfutarsa.

Shi ya kai ta shagon Malam Haladu.

Malam Haladu dattijo ne mai furfura, da ɗan shagonsa a bayan tasha. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, daga baya ya koyi gyaran kwamfuta da girmansa. Ya iya aiki, wannan kowa ya shaida. Amma jama'a, mutumin nan ba ya sauri. Ko gobara ake yi sai ya goge tabarau tukuna.

Barira ta ce masa manhaja ɗaya take so, minti goma ta wuce, tana da darasi ƙarfe goma sha biyu.

Awa biyu ta yi a kan bencin nan.

Da ya juyo mata da allon, sai ta ga alamar manhajar guda biyu, iri ɗaya sak, gefe da gefe.

"Baba, ɗaya na ce fa."

"Na ji ki, Malama. Ma'adanar kwamfutar na raba gida biyu. Wannan ɗakin C ne, nan komai yake, nan ta kullum take. Wancan ɗakin D ne, can na sa ta biyu, da nata ajiyar daban. Duk Juma'a ki buɗe ta biyun, ki bar ta ta kwaso saƙonni, ki rufe. Shi ke nan aikinki."

"To meye amfanin abu biyu iri ɗaya?"

Ya cire tabarau ya goge.

"Mahaifina manomi ne. Rumbu biyu yake yi, ɗaya cikin gida, ɗaya can bayan danga. Mutane suna masa dariya, wai wahalar da kai. Shekarar da wuta ta tashi a madafa ta cinye na cikin gida, na bayan muka ci har kaka."

Ita dai agogo take kallo. Ta ce to, ta biya shi, ta suri jaka. A ranta cewa take, daga sa manhaja sai tarihin rumbu.

Abin da ba ta lura da shi ba, dattijon ya raɗa wa ɗakin D suna da manyan baƙaƙe: KAR A TABA.

Maganar gaskiya, ta ɗan yi ƙoƙari. Juma'ar farko ta buɗe. Ta biyu ta buɗe. Ta yi wata uku tana yi.

Daga nan sai yau ga baƙi, gobe ga jarrabawar ɗalibai, jibi data ta ƙare. Kun san halinmu. Abin da bai ciji mutum ba, ba ya ba shi muhimmanci.

Ta daina gaba ɗaya. Har alamar ta biyun ta ja ta kai can lungun allo don kar ta riƙa tsone mata ido.

Aiki kuwa ta yi shi, ba ƙarya. Damina uku tana bin gonakin auduga a Bakori da Ɗanja, zani a ɗage, takalmi cikin taɓo, tana tsintar tsutsa tana zubawa a kwalba. Ta yi ciki ta haihu a tsakani. Ta sha goya jaririya ta shiga gona, manoma suna tsokanarta, wai Malamar Tsutsa ta iso.

Malamin da ke duba aikinta, wani Farfesa ne mai tsanani. Babi ɗaya sai ya dawo da shi sau huɗu. Ba ya yabo. In ya ce "ba laifi", to ranar a gidan Barira har kaza ake yankawa.

Sai ga shi wata Talata, cikin shekara ta huɗu, saƙonsa ya shigo. Ya ce ya gamsu da babi biyar ɗin duka, ta shirya kare aikinta. Takardar sa hannu kuma in ya dawo daga asibiti zai cike mata, don an ba shi gado na 'yan kwanaki.

Ranar Barira rawa ta taka a tsakar gida, yara suna kallonta.

Kwana tara bayan nan bakin cajar kwamfutar ya lalace. Ta koma wurin Malam Haladu a gurguje, ranar ma bikin ƙanwarta ake, an bar mata rabon abinci.

Cikin minti ashirin ya gyara bakin caja. Ta miƙa hannu za ta karɓa, sai ya ce ta ɗan dakata.

Ta fita waje tana amsa waya. Ta leƙo, yana zaune ya zuba wa allo ido. Ta sake fita, ta sake leƙowa, yana nan yadda yake, hannu a haɓa.

Minti arba'in!

Ranta ya ɓaci, ta shigo a fusace.

"Haba Baba! Caja na kawo, caja ka gyara. Kullum in na zo nan sai ka cinye min rana. Wallahi shi ya sa mutane ke komawa wurin yaran bakin titi."

"Malama, dama ina so in gaya miki..."

"A bar shi sai wani lokaci."

Ta fizgi kwamfutarta ta fice. Dattijon ya cire tabarau ya goge. Maƙwabcinsa mai faci ma sai da ya ɗago kai ya bi ta da kallo.

Farfesa bai dawo daga asibiti ba.

Wata huɗu yana jinya, aka fita da shi ƙasar waje, aka dawo da shi, rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa. Barira ta yi kuka kamar mahaifinta ne ya rasu. Ta bi ayarin ɗalibai zuwa garinsu ta'aziyya, suka kwana biyu.

To, a nan Nazifi ya shigo labarin.

Nazifi ƙanin mijinta ne, magidanci da 'ya'ya biyu, ma'aikacin ƙaramar hukuma. Mutumin kirki ne, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Matsalarsa ɗaya: ya kalli bidiyon gyara guda uku a waya, tun daga ranar ya naɗa wa kansa Injiniya.

Kuma a wurin irin su Nazifi, ciwon kwamfuta duk magani ɗaya ne: fomatin. Ta yi nauyi, a wanke ta. Ta yi zafi, a wanke ta. Ko linzaminta ne ya ƙi motsi, a wanke ta.

Ya sha jin matar yayansa tana ƙorafin kwamfutar ta yi nauyi. Da ya zo gidan ya tarar ba ta nan, sai ya ce bari ya yi mata abin arziki kafin ta dawo.

Ta dawo ranar Lahadi da yamma, a gajiye, ido a kumbure. Ya tare ta da fara'a tun daga zaure.

"Matar Yaya, albishirinki! Kwamfutarki yanzu gudu take kamar sabuwa. Na wanke miki ita tas."

Jakar hannunta ta faɗi ƙasa.

Ta buɗe. Hoton 'yarta da ke kan allo babu. Alamun manhajar nan biyu babu. Allo fes, shuɗi, kamar ba a taɓa rayuwa a cikinsa ba.

"Nazifi, saƙonnina fa?"

"Ai suna intanet, Matar Yaya. Imel ba ya ɓata."

Ta shiga akwatin makaranta ta waya. Saƙo uku ta tarar, duka sanarwar rasuwa. Na Farfesa ya share kansa tun wata huɗu da suka wuce.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Babi biyar ɗinta suna nan a filash, wannan ba ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne shaidar cewa Farfesa ya amince da su. Kuma ranar Litinin da ta je sashensu, shaidar aka tambaye ta.

Shugaban kwamitin ya yi mata magana da tausayi, amma bai ɓoye mata komai ba. Marigayi bai sa hannu a takarda ba. In tana da saƙonsa, da kwanan wata da gyare-gyaren da ya liƙa, ta turo kafin zaman ranar Alhamis, za su karɓa. In babu, sai a ba ta sabon malami. Wanda ke da gurbi kuwa ba fanninsa ne ƙwari ba, sabon batu zai ba ta.

Shekarun da aka ƙayyade mata kuma a wannan zangon suke ƙarewa.

Ma'ana, shekara huɗu sun tafi a banza. Damina uku, taɓo, goyo, kwalaben tsutsa, duka.

A motar dawowa ta jingina kai da gilashi tana hawaye. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta yi ta ba ta haƙuri, ta ɗauka mutuwa aka yi mata. Barira ba ta gyara mata ba, don ita ma haka take ji.

Mijinta ya yi wa Nazifi faɗan da bai taɓa yi masa ba. Nazifi ya zauna a ƙofar gida, ko abinci ya ƙi ci. Shi ne ma ya ɗauki kwamfutar ya zaga da ita shago uku na bakin titi. Kowa ya duba sai ya girgiza kai: an wanke, an ɗora sabo a kai, sai haƙuri.

Ranar Laraba da safe mijinta ya ce, "Ki je wurin dattijon nan mana."



Da wane ido? Wata huɗu rabonta da shagon, kuma ta san da irin maganar da ta fito. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ta sa mayafi. Nazifi ya biyo ta a baya riƙe da jakar kwamfuta, sumui-sumui, kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Malam Haladu yana shan kunu suka yi sallama. Ya amsa da sakin fuska, ya share mata benci, ya tambayi yara da maigida. Ko alamar ya tuna abin da ya faru bai nuna ba. Wannan ya fi mari zafi a wurinta.

Ta kwashe labari ta gaya masa.

Ya kunna, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗakin C kam ya tafi, Malama. Abin da aka wanke ya wanku. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta runtse ido.

Ya juya wurin Nazifi. "Samari, lokacin da kake wankin, an nuna maka ɗakuna biyu. Ɗayan fa, ka taɓa shi?"



"Wallahi Baba, saura kaɗan. Har na kai kibiya kansa zan goge, sai na ga an rubuta KAR A TABA. Gabana ya faɗi. Na ce wannan ko Yaya ne ya rubuta ko aljani, ni dai babu ruwana."

Dattijon ya yi dariya har kunu ya kusa sarƙe shi.

"Domin irinku na rubuta."

Ya shiga ɗakin D. Ga manhajar ta biyu tana zaune lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma Barira ba ta ko matso ba. Ita ta san abin da ta shuka.

"Baba, kar ka wahalar da kanka. Ban riƙe amanar da ka ba ni ba. Wata uku kawai na yi ina buɗewa. Abin da ke ciki tsofaffin saƙonni ne na shekarar farko."

Ya danna, manhajar ta buɗe, saƙonni suka jeru. Ya juyo mata da allon.

"Ni ba na karanta wasiƙar mutane. Duba na saman nan da kanki."

Ta duba.

Sunan Farfesa. Ranar Talata. Ga babi biyar a liƙe a ƙasa, da jan rubutunsa.

Ta murza ido ta sake dubawa. Yana nan.

"Baba... wa ya buɗe ta?"

"Ni."

"Yaushe?"

"Ranar da kika kawo gyaran caja. Ranar da na cinye miki rana."



Ashe ɗabi'arsa ce. Duk kwamfutar da ya taɓa yi wa ɗaki biyu, in ta dawo shagonsa, ko maɓalli ɗaya aka kawo gyara, sai ya leƙa rumbun baya kafin ya miƙa. Ranar ya leƙa ya ga an daɗe ba a zuba komai ba. Ya haɗa ta da datar wayarsa, sabis yana ja kamar kunkuru, ya zauna yana jira ta kwaso abin da ya rage a akwatin makaranta.

Saƙon Farfesa kwanansa tara a lokacin. Saura kwana biyar ya share kansa.

Minti arba'in ɗin nan da ta zage shi a kai, su ne digirinta.

Barira ta zame daga kan benci ta durƙusa a ƙasan shagon, cikin wayoyi da ƙura, ba ta damu da mayafinta ba. Kuka take, dariya take, ita kanta ba ta san wanne ba.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Baba ka yafe min, don girman Allah ka yafe min. Bakina ya yi min kaifi."

"Tashi, tashi, 'yata. Mai biki a gida ba a kama shi da laifin magana. Na san ranar kanki ya yi zafi."

Ta buɗe saƙon ta karanta a fili, tana share hawaye da bakin mayafi. Layin ƙarshe ne ya karya mata zuciya, don ranar farko murna ba ta bar ta ta lura da shi ba. Mutumin da ba ya yabo ya rubuta: "Kin yi aiki, Malama Barira. Ki tabbata ya isa wurin manoman da suka buɗe miki gonakinsu."

Nazifi kuwa ya jingina da bango ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da mai faci ya leƙo.

"Matar Yaya, yau zan ci abinci."

"Za ka ci. Amma in ka ƙara taɓa min ko rimot, sai na haɗa ka da Hajiyarku."

A nan take, daga kan teburin Malam Haladu, ta tura saƙon ga shugaban kwamitin. Kafin ta gama gyara ɗaurin ɗankwali amsa ta shigo: an gani, ta zo gobe ƙarfe goma.

Ta miƙe. Ta kai hannu za ta ɗauki kwamfutar.

Dattijon ya ɗora tafinsa a kai.

"Ɗan dakata, Malama. Rumbu biyun nan duk a gida ɗaya suke. In ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ko ma'adanar ta mutu, duka biyun sun tafi. Kawo filash ɗinki in kwafe miki, ki ajiye shi wani wuri daban. Sannan in mayar miki da manhajar ɗakin C."

Ya cire tabarau ya fara gogewa.

"Amma fa zai ɗau lokaci."

Barira ta ajiye jakarta. Ta kashe wayarta. Ta koma kan bencin nan ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"Baba, ko zuwa La'asar ne."

Ta kare aikinta bayan wata biyu. A shafin godiya, bayan sunan iyayenta da na marigayi Farfesa, akwai sunan wani mai gyara da ke bayan tasha. Ta kai masa kwafi ɗaya har shago. Yana nan a kan kantar shagon, tsakanin tsofaffin batura, ya sa shi cikin leda don ƙura.

Darasi:

Abin da ba ka da shi sai guda ɗaya, aron sa kake yi. Takardunka, hotunan iyayenka, aikin da ka zubar wa gumi, yi musu rumbu na biyu tun wuta ba ta tashi ba, kuma ka riƙa leƙa shi.

Sannan kafin ka ɗaga wa mai yi maka aiki murya don ya daɗe, tambaye shi me yake yi. Wataƙila kai yake tsarewa daga abin da ba ka hango ba.

Ku kuma 'yan uwana Injiniyoyin bidiyo, kayan da ba naku ba, a tambaya kafin a wanke.

In kana da Malam Haladu a rayuwarka, kira shi yau ka gode masa. In kana da Nazifi a gida, tura masa wannan, kar ka ce daga ni ne. Sauran kuma ku yaɗa shi, ba ku san kwamfutar wa za ku ceta ba.